Bikin Notting Hill: abin da ya kamata a sani kafin a shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili domin mu yi bayani a kan wani taro da yawancin masu karatu suka sani ta hoto kawai, wato bikin Kanibal na unguwar Notting Hill a yammacin Landan, wanda ake yi wa kallon bikin titi mafi girma a Turai. Duk ƙarshen watan Agusta hotunansa kan cika wayoyi, ga masu fuka-fukai a baya, ga matasa shafe da fenti, ga 'yan sanda jere a bakin hanya. Kashegari kuma sai labarin yawan waɗanda aka kama. Wanda iyakar abin da ya gani ke nan zai ɗauka sharholiya ce ta kwana biyu, alhali aikin shekara guda ne cur, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da mafi yawansa. Abin da ya sa muka rubuto shi ne, 'yan'uwanmu da ke zaune a Birtaniya ko masu ziyara sukan faɗa cikinsa ba shiri, su fito da ɓacin rai, wannan ya yi awa biyu yana neman ɗansa, waccan ta yi asarar jarin abincinta. Kusan duk abin da ke lalacewa a wurin an san inda yake lalacewa, an kuma san dalili.

Sai an san mafarin bikin ake gane abin da ya sa mutanen Karebiyan ke kishinsa haka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta buƙaci ma'aikata daga ƙasashen da take mulka. Jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a tashar Tilbury ranar 22 ga Yuni, 1948, wasu dubbai kuma suka biyo baya. Notting Hill ta wancan zamani unguwar talakawa ce, tsofaffin gidaje an yayyanka su ɗaki-ɗaki, masu gidajen haya irin su Peter Rachman suna tatsar baƙin da aka hana wa ɗaki a wasu unguwanni. A ƙarshen Agustan 1958 gungun matasa fararen fata suka kwashe darare suna kai wa baƙaƙe hari a gidajensu da kan titi. A watan Mayun 1959 aka daɓa wa Kelso Cochrane wuƙa har lahira, kafinta ne ɗan tsibirin Antigua, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan jininsa ba.

Tsakanin waɗannan masifu biyu ne Claudia Jones, 'yar asalin Tirinidad mai jaridar West Indian Gazette, ta shirya bikin Karebiyan a cikin zauren taro na St Pancras ranar 30 ga Janairu, 1959, BBC kuma ta nuna shi a talabijin. Fitowa titi ta zo a 1966, lokacin da Rhaune Laslett ta shirya wa yaran unguwar wani taro, makaɗi Russell Henderson ya ɗauki 'yan kiɗansa suka kama tafiya, jama'a suka ɗunguma a bayansu. A 1973 Leslie Palmer ya shigo da manyan na'urorin sauti irin na Jamaika, daga nan taron ya haɓaka. A 1976 an gwabza tsakanin matasa da 'yan sanda, saboda takurar kame a kan zato kawai. Titunan da aka kori iyaye da kakanni da sanduna, a kansu jikoki ke kiɗa yau, kuma a ƙarshen Agustan dai.

Ana yin bikin ne a ƙarshen makon da ya haɗu da Litinin ta ƙarshe a Agusta, wadda ranar hutu ce a Ingila. Kwanaki ukun, wato Asabar da Lahadi da Litinin, ba ɗaya suke ba, kuma rashin sanin haka shi ne kuskuren farko.

Yammacin Asabar na makaɗan gangar ƙarfe ne. Gasar da ake kira Panorama ana yin ta a lambun Emslie Horniman's Pleasance kusa da Kensal Road, a 'yan shekarun nan kuma da tikiti ake shiga. In da za a tambaye mu abu ɗaya da ya fi cancantar gani a duk bikin, wannan za mu nuna. Gangar tana da tarihi mai taɓa zuciya. A shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka suka takura wa kiɗan gangar fata a Tirinidad, sai jikokin bayi suka koma buga gora a ƙasa, daga baya suka koma gwangwanaye, a shekarun 1930 zuwa 1940 kuma suka gano abin da duron mai zai iya yi. Duro ne mai galan 55, kimanin lita 208. Ana dukan gindinsa da guduma har ya lotsa kamar kwano, a zana wurin kowane sauti, a bi layin da kurfi domin kada sautin nan ya shiga na can, a yanke jikin duron daidai muryar da ake so, a gasa shi a wuta, sannan gwani ya zauna da ƙaramar guduma yana daidaita sauti ɗaya bayan ɗaya. Mai siririyar murya gajeren jiki gare ta, tana ɗauke da sauti kusan 30 a fuska ɗaya. Mai babbar murya kuwa duro shida ne cikakku a kewaye da mutum ɗaya, kowanne da sauti uku. Sandunan bugu da roba a bakinsu. Ƙarfen ba ya son rana, in ya ɗau zafi sautin ya kauce, shi ya sa za ka ga an yi wa keken da ke ɗauke da su rufi. Ba ya kuma son hannun baƙo. Wanda ya ƙwanƙwasa gangar wani da makulli ko zobe don ya ji yadda take, zai iya ɓata aikin da aka biya gwani ya yi, don haka a kalla da ido. Ƙungiyoyi irin su Ebony da Mangrove sukan kwashe makonni suna atisaye kowane dare, gomman makaɗa su haddace kiɗan kusan minti 10 da ka, ba takarda a gabansu. Da yawa daga cikinsu 'yan makaranta ne.

Lahadi ranar yara da iyali ce, Litinin ta manya. A ranakun biyu jerin gwano yakan tashi wajen ƙarfe 10 na safe, ya bi hanya mai tsawon kilomita biyar da ɗoriya, ta Great Western Road inda alƙalai ke zama, da Chepstow Road, da Westbourne Grove, da Ladbroke Grove. A cikin ƙananan titunan da hanyar ta kewaye kuma akwai na'urorin sauti na girke fiye da 30, kowace da irin kiɗanta da jama'arta, ana kashe su ƙarfe 7 na yamma.

Kayan adon da ake gani a hoto ba a kasuwa ake sayo su ba. Kowace ƙungiya tana zaɓen jigonta na shekara, ta nuna samfurin kayan tun bazara, masu so su yi rajista su biya, sannan a shiga ɗinki da liƙi a zaurukan unguwa da daddare bayan an tashi aiki. Cikakken kaya yana da hular ado, da abin wuya, da ɗamara, da na hannu da ƙafa, sai babban firam na waya da ake goyawa a baya, wanda fuka-fukan ke kansa. Inda ake samun matsala sananne ne. Gam ɗin da ake narkawa da zafi yakan saki in rana ta yi ƙarfi, don haka wurin da nauyi ke sauka ɗinke shi ake yi ko a ɗaure da waya. Ruwan sama yana kwantar da gashin tsuntsu, iska kuma tana kama babban firam ta juya mai ɗauke da shi. Igiyar kafaɗa da ba a sa mata soso ba takan yanki fata kafin azahar. Sabon takalmi kuwa shi ya fi komai fitar da mutane daga jeri, domin tafiyar tana iya cin awa shida zuwa takwas, ana tafe ana tsayawa. Akwai kuma masu tafiya a kan dogayen sanduna da ake kira moko jumbie, al'adar da tushenta ke Afirka ta Yamma. Waɗannan a ba su fili sosai, kada a bi ta ƙarƙashinsu, kada a jefar da kwalba ko ledar ruwa a gabansu.

Kowace ƙungiya tana tafe ne da babbar mota ɗauke da janareto da lasifika, an kewaye ta da igiya, masu kula suna riƙe. Igiyar nan ba don ƙawa aka ja ta ba. Direba ba ya ganin gefen tayoyinsa, ba ya kuma jin ihu saboda ƙara. Mai son tsallaka titi ya jira motar da mutanenta su wuce, ya tsallaka a tazarar da ke tsakanin ƙungiya da ƙungiya, ko a wurin da aka ware.

Gaskiya ɗaya ce, Malam Edita, kuma gara mu faɗe ta. Da yammacin Litinin akwai shan giya da yawa, akwai shigar da ba ta rufe jiki, akwai rawar da mai kunya ba zai so ya kalla tare da 'ya'yansa ba. Wanda bai son wannan ba sai ya ƙaurace wa bikin dungurungum ba. Ya je Panorama ranar Asabar, ko ya zo Lahadi da hantsi ya ga jerin yara, ya bar wurin kafin ƙarfe 3 ta yi nisa. Mai kiyaye salla ya shiga da alwala, ya kuma san inda zai fita, domin masallacin Al-Manaar da ke Acklam Road yana cikin yankin da ake rufewa, ratsa jama'a zuwa can kuwa aiki ne. Masallacin nan yana cikin wuraren da suka buɗe ƙofa ga mutanen da gobarar benen Grenfell ta shafa ranar 14 ga Yuni, 2017, gobarar da ta ci rai 72 a wannan yanki. Saboda su ne ƙarfe 3 na rana ake kashe kowane kiɗa a yi shiru na daƙiƙa 72. Idan ka ji ko'ina ya yi tsit, ka tsaya, ka daina waya, kada ka ci gaba da ciniki.

Batun zuwa da komawa ba ya son dogon bayani. Ba a zuwa da mota, titunan a rufe suke, bas-bas ma an karkatar da su. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ladbroke Grove a rufe take a ranakun, wasu na kusa irin su Notting Hill Gate da Westbourne Park kuma sukan zama na fita kawai na tsawon sa'o'i. Mutum ya sauka lafiya da safe, da yamma ya dawo ya tarar ba shiga. Dabarar ita ce a sauka a nesa kaɗan, kamar Paddington ko Shepherd's Bush ko Queen's Park, a ƙarasa da ƙafa, a kuma duba sanarwar hukumar sufurin Landan ta wannan shekarar, domin tsarin yana ɗan sauyawa.

Abin da ya fi ba masu shirya bikin tsoro shi ne turmutsitsi. Ana ƙiyasta mutum miliyan ɗaya ko fiye a kwana biyu, a titunan da aka yi domin gidajen zama. Ga ma'aunin da masana cunkoso ke amfani da shi. In mutum biyu ne a fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi, kowa na tafiya yadda ya so. In suka kai huɗu zuwa biyar kuma ana tafe, an zo iyaka. Daga shida zuwa sama mutum ba shi ke tafi da kansa ba, taron ne ke ɗaukarsa kamar ruwa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a irin wannan hali ana mutuwa a tsaye, domin ƙirji ya matsu ya kasa buɗewa a shaƙi iska. Alamar farko ita ce ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare huɗu kuma ba ka iya ɗaga hannu zuwa fuska. Da ka ji haka ka fara neman fita tun kana iyawa. Ka ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe domin huhu ya sami wuri. Kada ka yi jayayya da inda taron ya nufa, ka bi shi kana karkata gefe kaɗan-kaɗan har ka kai baki. Ka nisanci bango da shingen ƙarfe. Abin da ya faɗi, ko waya ce, a bar shi, domin wanda ya sunkuya da wuya ya miƙe. In wani ya faɗi a gabanka, ɗaga shi nan take shi ne ceton kowa, saboda faɗuwar mutum ɗaya ita ke buɗe ramin da wasu ke ruftawa. Wuraren da suka fi matsewa su ne inda jama'ar wata na'urar sauti suka malalo suka haɗu da hanyar jerin gwano, da ƙarƙashin gadar Westway, da bakin tashoshi bayan ƙarfe 7, lokacin da kowa ya tashi tafiya gida a tare. Mai hankali yakan riga su fita da awa guda.

Waya ba abin dogaro ba ce a wurin. Dubban wayoyi suna rububin turken sadarwa ɗaya, kira ba ya shiga, saƙo yakan iso bayan rabin awa. Kafin a shiga a yanke wurin haɗuwa a wajen yankin bikin, a ambaci sunan titi da lokaci, kada a ce "wajen masu gasa kaza", domin masu gasa kaza sun fi a ƙirga. Yaro a rubuta masa lambar waya a abin ɗaurawa a hannu, a ɗauki hotonsa da safe da kayan da ke jikinsa, a nuna masa kayan 'yan sanda da na masu kula, a ce in ya ɓata su zai nufa. Keken tura jariri yana zama tarko a cikin cunkoso, goyo ya fi. Babba ɗaya kada ya riƙe yara fiye da biyu.

Sai kunne, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an koma gida yana ƙugi. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) kunne yana jure ta awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ne kawai, gaban tarin lasifika kuwa ana wuce haka. Lalacewar ba ta warkewa. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada a kantin magani, yara kuma a sa musu irin mai rufe kunne gaba ɗaya, a tsaya da su a gefe ko bayan lasifika.

Yanzu ga masu son kafa rumfar abinci, kuma a nan ne muka fi ganin 'yan Afirka ta Yamma suna ƙona hannu. Yankin bikin yana ƙarƙashin ƙananan hukumomi biyu, ɗaya ita ce ta Kensington da Chelsea, ɗayar kuma ta Westminster. Sai da lasisin ciniki a titi daga wadda rumfarka ke cikin yankinta, kuma ana neman sa watanni kafin Agusta. Wanda ya shimfiɗa tebur ba izini, jami'ai za su iya kwashe kayansa su kuma ci shi tara. Kafin lasisin ma sai ka yi wa sana'ar abincinka rajista a ƙaramar hukumar da kake, aƙalla kwana 28 kafin fara sayarwa, wannan kyauta ne. Za a nemi takardar horon tsaftar abinci, da inshorar da za ta biya in wani ya cutu a rumfarka, da shaidar cewa ƙwararre mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, ya duba murhu da tiyo da tukunyar gas. A rumfa dole a sami wurin wanke hannu da ruwan ɗumi da sabulu, dabam da na wanke kwanuka, da abin kashe gobara, da bargon kashe wutar mai. Janareto a waje yake zama inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa a cikin tanti.

Lambobi uku mai abinci zai haddace. Abin sanyi ya zauna a digiri 8 ko ƙasa. Abin zafi ya zauna a digiri 63 ko sama. Kaza da nama su kai digiri 75 a tsakiyarsu na daƙiƙa 30, kuma da ma'aunin zafi mai tsinke ake ganewa, a soka a inda tsoka ta fi kauri kusa da ƙashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne, layi ya yi tsawo, a ƙara wuta, bayan kaza ya ƙone cikinta da jini. Maganinsa a dafa ta ta nuna tukuna, gashin ya zama na ƙarasawa. Shinkafa kuma ta fi nama yaudara. Akwai ƙwayar cuta a cikinta da dahuwa ba ta kashe irinta, in aka bar tukunya ta huce a hankali sai ta farfaɗo ta zuba dafi, dafin kuwa ɗumame ba ya karya shi. Don haka babbar kula cike da dafa-duka tun asuba, ana ɗiba har magariba, hanyar kwantar da mutane ce. A riƙa dafawa kashi-kashi, a riƙe ta da zafi, wadda ta sauka ƙasa da digiri 63 har awa biyu a zubar. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ba da kusan kilo uku dafaffiya, wato faranti 12 in ana zuba giram 250. Mai son sayar da faranti 300 yana buƙatar kilo 25. Kuma duk kayan yini, har ƙanƙara da ruwa da tukunyar gas ta biyu, su shiga tun sassafe, domin da zarar an rufe hanya ba motar da za ta kawo ƙari.

Dokar ƙasar ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, waɗanda dole mai sayarwa ya iya faɗa in suna cikin abincinsa, daga ciki akwai gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi da alkama da waken soya. Mai tsire ya kula ƙwarai, domin yajinsa da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, mai saye kuma bai sani ba. Ɗan kaɗan ya isa ya toshe maƙogwaron mai wannan lalura cikin mintuna. A rubuta "akwai gyaɗa" da manyan baƙaƙe a gaban rumfa, a ware wuƙa da faranti, in kuma aka ga wani leɓɓansa sun kumbura yana kokawa da numfashi a kira lambar gaggawa ta 999 ba jira. Na'urar karɓar kuɗi ta kati ma da sabis ɗin waya take aiki, wanda ba abin dogaro ba ne a wurin, don haka a tanadi canji.

'Yan sanda kimanin 7,000 ake bazawa, da ƙofofin gano ƙarfe a wasu mashigai. Sau da yawa ana ayyana sashe na 60 na wata dokar tsaron jama'a ta 1994, wanda ke ba su ikon caje mutum a yankin ko ba su zarge shi da komai ba. Wanda aka tsayar ya natsu, yana da haƙƙin sanin sunan jami'in ko lambarsa da ofishinsa, da kuma karɓar shaidar cajin. Ɗaukar wuƙa a bainar jama'a ba dalili na iya kai mutum kurkuku har shekara huɗu, saboda haka wuƙaƙen rumfa a naɗe su a akwati tare da takardar lasisi, kada yaron rumfa ya sa ɗaya a aljihu. Ba mu ɓoye cewa ana samun ta'asa. A 2024 mutum biyu sun rasa rayukansu sakamakon hare-haren da aka kai musu a lokacin bikin, ɗaya uwa ce da aka soka a gaban 'yarta ranar iyali. Wannan ya girgiza masu bikin fiye da kowa. Abin da muke ƙi shi ne a maida adadin kame shi kaɗai ne labarin, ba a auna shi da yawan jama'ar da suka taru, ba a kuma ambaci yaran da suka yi wata biyu suna haddar kiɗa. Kuɗin tsaro da na masu kula ma kullum a ƙarance yake. A 2025, bayan wani bincike a kan haɗarin cunkoso, sai da ofishin Magajin Garin Landan da ƙananan hukumomin biyu suka ƙara kusan fam miliyan ɗaya domin a sami isassun masu kula.

A tuna kuma unguwar gidajen mutane ce, akwai tsofaffi da marasa lafiya a bayan tagogin. Layin banɗaki yana da tsawo, a shiga tun ba a matsu ba, kada a tsuguna a ƙofar gidan wani. Wannan ɗabi'a ita ce babbar hujjar masu son a kwashe bikin daga titi a kai shi fili mai katanga da kuɗin shiga.

Ga ƙungiyoyinmu da ke son shirya nasu ƙaramin taron ƙarshen mako, ƙofar a buɗe take, musamman a Oktoba, watan tarihin baƙaƙen fata a Birtaniya, wanda aka fara a 1987 da ƙoƙarin Akyaaba Addai-Sebo ɗan Ghana. In taron bai kai mutum 500 ba, har da ma'aikata, kuma akwai kiɗa ko wasan da doka ta ce sai da izini a wurin da ba shi da lasisi, ana aika wa ƙaramar hukuma sanarwar taron wucin gadi, kuɗinta fam 21, aƙalla ranakun aiki 10 kafin ranar. A lura, ranakun aiki aka ce, Asabar da Lahadi da ranar hutu ba sa ciki, haka ranar da aka miƙa takardar da ranar taron kansa, kuma a nan ne lissafin mutane ke ɓacewa. Mai neman abin nunawa ko mai jawabi ya leƙa cibiyar Black Cultural Archives a dandalin Windrush da ke Brixton, ko kantin littattafai na New Beacon kusa da Finsbury Park, wanda John La Rose da Sarah White suka kafa a 1966.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarmu ta riƙa kawo labarin bikin tun kafin ya zo. A farkon shekara a tunatar da masu son rumfa su fara neman takardu, da bazara a sanar da iyaye cewa ƙungiyoyin ado da na gangar ƙarfe suna ɗaukar yara da 'yan sa-kai masu ɗinki da riƙon igiya, a tsakiyar Agusta kuma a buga tashoshin da za a rufe da lokutan da ya fi dacewa a je da iyali.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wasu masu karatunku daga Landan